ZARE: Wa ya kwafi wa? Tarihin aro da asali a kiɗan Malayawa 🧵

1/ Taken ƙasar Malesiya, wanda sojoji ke ƙame wa, karinsa na wata tsohuwar waƙar soyayya ne da ake rerawa a gidajen wasa. Ita ma waƙar soyayyar baƙuwa ce a can. Yau zan kawo muku yadda kiɗan Malayawa ya shekara fiye da 100 yana aro, kowane zamani kuma yana zagin na bayansa da kwaikwayo. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/ Su wane ne Malayawa tukuna? Su ne mafi rinjaye a Malesiya da Brunei, akwai su a Singafo da gabashin tsibirin Sumatra na Indunusiya da kudancin Thailand. Musulmi ne, har suna da ajaminsu da ake kira Jawi. Ƙasarsu na bakin mashigin ruwan Melaka, hanyar jiragen fatake tsakanin Indiya da Sin. Duk wanda ya wuce ta nan sai ya bar wani abu.

3/ Ga abin da ya fara ɗaure min kai. Kiɗan da suke ɗauka shi ne tsantsar nasu sunansa "asli". Eh, kalmar nan tamu ce ta asali, mu da su duk wajen Larabawa muka aro. To kayan kiɗan da ke jan ragamar asli ɗin kuma goge ne na Turawa. Suna ce masa biola, sunan da suka samo daga mutanen Fotugal, waɗanda suka ci Melaka da yaƙi a 1511.

4/ Joget, rawar da ake cashewa a bikin aure, ana danganta ta da wata rawar mutanen Fotugal ɗin mai suna branyo. Zapin Larabawan Hadramaut na Yaman ne suka zo da shi, tare da gambus, wato ud ɗinsu. Ghazal na jihar Johor kuwa da harmoniyam da tabla ake yin sa, kana ji ka san Indiya ce.
Yau duk waɗannan su ne ake kira kiɗan gargajiyar Malayawa.

5/ A shekarun 1870 ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Farisawan Bombay suka riƙa zuwa tsibirin Penang. Mutanen gari suka gani, suka ce mu ma za mu iya. Sunan da aka fara kiran nasu da shi "tiruan wayang Parsi", ma'ana kwaikwayon wasan Farisawa. Ba ɓoye-ɓoye 😂 A 1885 wani ɗan kasuwa, Mamak Pushi, ya kafa ƙungiyarsa, wasan ya samu suna bangsawan.

6/ Bangsawan ba ya zaɓen abinci. Labarin Larabawa, na Indiya, na Sin, har na Shakespeare, duk ana sa musu harshen Malay a hau dandamali. Tsakanin fitowa da fitowa, kafin a gyara labule, sai a cike gurbi da waƙoƙi. A irin wannan fagen wata waƙa mai suna Terang Bulan, wato hasken farin wata, ta yi tashe.

7/ Mu koma kan taken ƙasa. A 1875 aka kashe Razdan ɗin Ingila na jihar Perak, J.W.W. Birch. Turawa suka ɗora wa Sarkin Perak, Sultan Abdullah, alhakin abin, suka kai shi zaman gudun hijira tsibiran Seychelles a 1877. (Can ɗin dai suka kai Sarkin Asante Prempeh na Gana daga baya. Turawa da wurin ajiye sarakuna.)

8/ A Seychelles akwai wata waƙar Faransanci da ta shahara, La Rosalie. Iyalan sarkin suka riƙe karinta. Labarin da ake bayarwa a Perak shi ne, da wani sarkinsu ya je Landan aka tambayi taken jiharsa, babu, sai dogarinsa ya rera wannan karin don kada a ji kunya. Ya zama taken Perak ke nan. Karin nan dai shi ne na Terang Bulan.

9/ Da aka zo samun 'yanci a 1957, Tunku Abdul Rahman ya sa gasar tsara taken ƙasa. Waƙoƙi 514 aka turo, ba wadda ta kwanta wa kwamiti. Aka nemi manyan mawaƙan duniya, har Benjamin Britten na Ingila ya aiko nasa, aka ajiye. Ƙarshe aka ɗauki karin Perak, aka sa masa sababbin baituka, ya zama Negaraku. Daga nan aka hana rera Terang Bulan a bainar jama'a.

10/ Ku riƙe wannan a ka, mu shiga zamanin fim, don a nan ainihin rigimar take.

11/ Masana'antar fim ɗin Malay ta farko a Singafo take. Masu kuɗin Sinawa ne: 'yan gidan Shaw, da sutudiyonsu a Jalan Ampas daga 1947 zuwa 1967, sai Cathay-Keris da aka kafa a 1953. Daraktocin Indiyawa ne, irin su B.S. Rajhans da L. Krishnan da Phani Majumdar. 'Yan wasan su ne Malayawa, da yawansu daga bangsawan suka fito.

12/ Daraktocin nan da labaran gida suka zo. A ɗauko fim ɗin Tamil ko na Hindi, a juya shi zuwa Malay, a cusa waƙa biyar ko shida, saurayi da budurwa suna zagaya bishiya. Rajhans ma fim ɗin da ya fara yi da Malay a farkon shekarun 1930 Laila Majnun ne.

13/ Na san abin da ya faɗo muku a rai. Eh, Kannywood. Ruwan Bombay ɗin da ya daki Kano shi ya daki Singafo, sai dai su ya riga isa can da gomman shekaru. Abin da muke ce wa wanki, su ma sun yi shi, sun kuma yi cacar baki a kansa. Shi ya sa nake ganin labarinsu ya shafe mu.

14/ Cikin wannan masana'antar wani yaro ya faɗo. Teuku Zakaria, an haife shi a Penang ranar 22 ga Maris 1929, mahaifinsa mutumin Aceh ne ta Sumatra. Duniya ta san shi da P. Ramlee. Lokacin da Japan ta mamaye ƙasar ya yi makarantar sojan ruwansu, ya koyi waƙoƙin Japan. Ya iya goge, ya iya ukulele, yana bin ƙungiyoyin keroncong na unguwa.

15/ A 1948 Rajhans ya ji shi yana rera wata waƙa da ya tsara da kansa, Azizah, a wani taro a Bukit Mertajam. Ya gayyace shi Singafo. Fim ɗinsa na farko Chinta, a shekarar: mugu ya fito, kuma muryarsa aka ɗora wa jarumin a waƙoƙi. A 1950 Krishnan ya ba shi jarumi a Bakti. A 1955 ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko, Penarek Becha.

16/ Ba shi ne Bamalaye na farko da Shaw ta ba darakta ba, Haji Mahadi ya riga shi a 1952. Amma nasa ne ya karɓu. Labarin mai tuƙa keken haya ne da ya kamu da son 'yar mai kuɗi. Talaka da 'yar masu hali, ai Indiya ta gama wannan tun tuni. Abin da ya bambanta shi, mutanen cikin fim ɗin suna magana yadda ake yi a kan titi, an bar fasahar fada irin ta bangsawan.

17/ A kiɗa ma haka. Saurari waƙoƙinsa a jere, za ka ji rumba da samba da ca-ca na Latin Amurka, ka ji salon jazz, ka ji ƙamshin Hindustan, ka ji na Larabawa. Ya kafa ƙungiyar mawaƙa, Panca Sitara, a kan tsarin The Platters ta Amurka. In aro laifi ne, wallahi ba wanda ya kai shi laifi.

18/ Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne, in ka sa shi yadda ka aro shi. P. Ramlee tela ya kai nasa. Ya farke, ya yanka daidai jikin harshen Malay. Kiɗan ƙasa na iya zama na Kuba, amma inda murya za ta lanƙwasa a ƙarshen layi, abin da suke kira lenggok, wannan na asli ne. Kuma yana dawowa kan joget da inang da zapin a kai a kai, da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa irin ta zamani.

19/ Sai baitukan. Malayawa na da pantun, baiti mai layi huɗu: biyun farko hoto ne daga daji ko teku ko gona, biyun ƙarshe su faɗi abin da ke zuciya. Wannan kunyar, ta zagaye kafin a faɗi magana, ta shiga waƙoƙin fim. Ya yi aiki da marubuta irin su S. Sudarmaji, wanda ya rubuta masa baitukan Getaran Jiwa ta fim ɗin Antara Dua Darjat, 1960.

20/ Getaran Jiwa ɗin nan, a shekarun 1990 wani mawaƙin Amurka, Lobo, ya ɗauki karinta ya sa mata Turanci, ya kira ta Whispers in the Wind. Aron ya juya.

21/ Kyaututtuka sun zo. Hang Tuah ya ci kyautar kiɗa a bikin finafinan Asiya na 1956 a Hong Kong. A 1957 a Tokyo ya zama gwarzon jarumi da Anak-ku Sazali, inda ya fito uba kuma ya fito ɗa. Jimilla finafinai 66 ya fito a ciki, waƙoƙi ɗaruruwa. Matarsa Saloma, da ya aura a 1961, ita ma sarauniya ce a fagen.

22/ Ana cikin haka jita mai lantarki ta iso.

23/ A 1961 Cliff Richard da The Shadows suka yi wasa a Singafo. Samarin Malayawa suka ga mutum huɗu kacal, jita uku da ganguna, sun tashi filin wasa. Ba sai ka tara makaɗa ashirin ba, ba sai ka iya karanta rubutun kiɗa ba. Sai The Beatles suka biyo baya. Daga amshin waƙarsu She Loves You ta 1963 aka samo wa sabon salon suna: pop yeh yeh.

24/ Ƙungiyoyin ana ce musu kugiran, taƙaicen "kumpulan gitar rancak", ƙungiyar jita mai zafi. Kowace unguwa da tata. Suna kiɗa a gidajen biki, suna buga ƙananan faya-fayen garmaho masu waƙa huɗu a kamfanoni irin EMI da Philips. Ana yawan ƙirga Suzanna ta M. Osman, 1964, a matsayin ta farko. Sai A. Ramlie, Jeffrydin, Adnan Othman, da su The Rythmn Boys da The Siglap Five.

25/ Har akwai mawaƙin The Swallows da ke hawa dandamali da sunan Kassim Selamat, sunan da P. Ramlee ya fito da shi a fim ɗin Ibu Mertuaku na 1962. Yaran a kan finafinansa suka tashi fa.

26/ Manya dai ba su ji daɗi ba. Wai hayaniya ce, wai biri-boko, wai 'ya'yan Musulmi sun zama 'yan amshin shatan Liverpool. A maƙwabciya Indunusiya abin ya fi tsanani: Shugaba Sukarno ya kira irin kiɗan "ngak ngik ngok", a 1965 aka ɗaure 'yan ƙungiyar Koes Bersaudara saboda kiɗa irin na Beatles.

27/ P. Ramlee na cikin masu sukar. Ga shi kuma a Tiga Abdul, 1964, shi da kansa ya yi Bunyi Gitar, waƙa mai kiɗan tuwis tsaf. Laifi tudu ne.

28/ Amma kada mu yi masa rashin adalci. Mutum ne da ya san tsara kiɗa, yana kallon yaran da suka koyi riƙe jita jiya suna cinye kasuwa. Da yawa daga waƙoƙin kugiran kama ɗaya suke, wannan ba ƙarya ba ne. Tsoronsa shi ne inang da zapin su mutu ba magaji. Inda nake ganin ya kuskure, bai saurari muryoyin yaran da kyau ba.

29/ Don in ka cire jitar, mawaƙin pop yeh yeh da Malay yake waƙa, kuma lanƙwasar nan ta asli na nan a maƙogwaronsa. Kayan Ingila ne, kukan na gida. Abin da ya yi wa rumba shi suka yi wa Beatles, sai dai su da gaggawa da ƙarancin ilimin kiɗa. A 2013 wani kamfanin Amurka, Sublime Frequencies, ya tattara waƙoƙinsu na 1964 zuwa 1970 ya sake fitarwa. Abin da masu saye ke nema a ciki shi ne daidai wurin da bai yi kama da Beatles ba.

30/ Shi kuwa duniya ta fara juya masa baya. A 1964 ya bar Singafo ya koma Kuala Lumpur, sutudiyon Merdeka, inda ba kayan aiki ba ƙwararru irin na Jalan Ampas. A 1965 Singafo ta fita daga Malesiya. A 1967 Shaw ta rufe Jalan Ampas. Talabijin ta shigo, finafinan Indiya da na Indunusiya masu launi suka cika silima, nasa na baƙi da fari.

31/ An taɓa haɗa wasa da shi da A. Ramlie da L. Ramli, "Ramli uku". Matasa suka yi wa biyun tafi, shi suka yi masa ihu. Mutumin da iyayensu ke kuka da waƙarsa.

32/ Bayan rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayu 1969, gwamnati ta kira babban taron al'adu a Jami'ar Malaya a 1971. Aka tsayar cewa al'adar ƙasa za ta ginu a kan ta 'yan asalin yankin, za a karɓi abin da ya dace daga sauran al'adu, Musulunci kuma ginshiƙi ne. P. Ramlee ya gabatar da takarda a wurin kan yadda za a ɗaga darajar kiɗan asli da na gargajiya.

33/ Ku lura da abin da ya faru a nan. Joget na Fotugal, zapin na Yaman, ghazal na Indiya, sun daɗe har sun zama 'yan gida, yanzu su ake karewa daga baƙo. Bambancin ɗan gari da baƙo a kiɗa sau da yawa yawan shekarun da aka yi ne a garin.

34/ Ranar 29 ga Mayu 1973 P. Ramlee ya rasu da ciwon zuciya, yana da shekara 44, ba shi da wani abin hannu. Allah Ya jiƙan Musulmi. A 1990 aka ba shi sarautar Tan Sri. A 2010 wani shirin tarihi da Shuhaimi Baba ta shirya ya nuna irin ƙuncin da ya ƙare a ciki, 'yan ƙasar da yawa suka ce sai ranar suka sani. Ihu bayan hari.

35/ Akwai wani nau'in aron da ya kamata a ware, don shi ba ruwansa da tela. Suna kiran sa "saduran": a ɗauko karin waƙar Hindi ko ta Turawa ko ta Japan ɗungurungum, a zuba mata baitukan Malay. A shekarun 1960 da 1970 abin ya yi yawa. Wani kamfani kan rubuta sunan mai ita a bayan faifai, wani ya yi shiru. Wanda ya yi shirun, wannan satar fasaha ce, ba wani suna.

36/ Sai a shekarun 1980 aka fara ɗaure abin. TV3 ta fara gasar Juara Lagu a 1986, inda ake karrama wanda ya tsara waƙar da wanda ya rubuta ta, ba mai rerawa kaɗai ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta zo a 1987, ƙungiyar karɓar wa marubuta waƙa kuɗinsu, MACP, a 1989. Da mawallafi ya fara cin gumin karinsa, ƙirƙira ta zama sana'a mai riba.

37/ A wannan zamanin aka sake maimaita rigimar, da dogon gashi. Search da Wings da ire-irensu, samari 'yan ƙauye da suka shigo birni aikin masana'anta, suka ɗauko salon Scorpions da Deep Purple. Daga baya aka laƙaba wa kiɗan rock kapak, kapak kuwa gatari ne. Aka ce sun lalace, sun kwafi Turawa.

38/ Amma waƙoƙinsu da suka fi tashe masu sanyi ne, na rabuwa da ƙaddara, murya na karyewa irin ta asli. Isabella ta Search, 1989, daga kundin Fenomena da M. Nasir ya shirya, ta tsallaka ta mamaye Indunusiya har aka yi mata fim a 1990. Labarin masoya biyu ne da bambancin duniyarsu ya raba. Ku koma lamba 16 ku gani ko sabon labari ne.

39/ A 1992 aka hana masu dogon gashi fitowa a rediyo da talabijin na gwamnati. Ministan yaɗa labarai, Mohamed Rahmat, ya riƙe almakashi da hannunsa ya yanke gashin Amy na Search, ana nunawa kai tsaye. Yau waƙoƙin nan su ne iyaye ke sakawa a mota suna cewa yaran yanzu ba su san kiɗa ba 😅

40/ P. Ramlee kuma sai ya dawo ta wata ƙofar. A 1990 Sheila Majid ta fitar da Legenda, waƙoƙinsa a salon jazz. Sai Pak Ngah ya ɗauko zapin da inang ɗin da ya ji wa tsoro, ya haɗa su da kayan sutudiyo, aka kira salon Irama Malaysia. Cindai da ya tsara wa Siti Nurhaliza, 1997, ta lashe Juara Lagu a 1998.

41/ Rigimar mallaka dai ba ta mutu ba, ta koma tsakanin ƙasashe. A 2007 Malesiya ta sa Rasa Sayang a tallan yawon buɗe ido, Indunusiya ta ce tata ce, daga tsibiran Maluku. A 2009 kamfanin faya-fayen gwamnatin Indunusiya, Lokananta, ya ce Negaraku ma daga Terang Bulan ɗinsu aka kwasa. Waƙar da ta girmi ƙasashen biyu duka. Taken Singafo kuwa Zubir Said ne ya tsara shi, haifaffen Sumatra.

42/ In kun je Kuala Lumpur, kusa da tagwayen benayen Petronas akwai titi da a da ake kira Jalan Parry. Bayan rasuwarsa aka mai da shi Jalan P. Ramlee. Shekaru da yawa abin da aka fi sanin titin da shi gidajen rawa ne, masu sakin kiɗan Turawa har asuba.